Darasi: Neman Mai Maganin Damuwa ta Hanyar Zance

Duk wanda ya zauna a 'Yankuzo ko wani ƙauye na ƙasar Tsafe a 'yan shekarun nan ya san irin koke-koken da ake yi a bakin kemis da kan bencin asibiti. Wannan ya ce barci ya ƙaurace masa tun daren da aka shigo garinsu. Waccan ta ce da ta ji ƙarar babur sai gabanta ya faɗi, ko da na ɗan kabu-kabu ne. Wani kansa ke yi masa nauyi, ƙirji na zafi, abinci ya fita ransa, ya daina zuwa majalisa, yara na motsi ya hau su da faɗa. A auna jini, a ba da maganin maleriya da na taifot, a ji dama-dama kwana biyu, abu ya dawo ɗanye.

Sau da yawa abin da ke cin irin waɗannan bayin Allah tsananin damuwa ne da firgici. An kashe wa mutum ɗan'uwa, ko an tsare shi a daji har aka sayar da gona da shanu aka fanso shi, ko ya bar gidan da aka haife shi yana raɓe a gidan wani a Tsafe ko Gusau. Ba sai an kai nan ba ma: mutuwar aure, bashi, rashin haihuwa, ɗa da ya faɗa shaye-shaye, kowanne yana iya kwantar da mutum. Wannan ciwo yana da magani, kuma wani babban ɓangare na maganin zama ne da wanda aka horar, ana magana cikin tsari. A wannan darasi za mu koyi yadda irin wannan zama yake, da inda mutumin 'Yankuzo ko Bungudu zai nufa ya neme shi, da yadda zai gane ya faɗa hannu nagari.

Abin da ya raba shi da nasiha

Mu ba baƙin shawara ba ne. Mace tana da uwar ɗaki da ƙawa, namiji yana da amini da liman da dattawan unguwa. Abin da aka saba ji daga bakinsu shi ne a yi haƙuri, a bar wa Allah, wasu sun ga abin da ya fi wannan. Gaskiya ce, kuma tana da ranarta. Sai dai mai damuwa yakan ji ta tun bai gama faɗin abin da ke cinsa ba, sai ya haɗiye sauran. An kuma rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ya yi kuka a ce ya ba da maza, mace ta faɗi abin da aka yi mata a daji a ce ta tona wa danginta asiri. Ta haka ake samun mutum yana tsakiyar 'yan'uwa masu ƙaunarsa, amma babu wanda ya taɓa jin labarinsa daga farko har ƙarshe.

Kada wani ya ɗauka cewa warkar da zuciya da magana baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai ba tare da sanadi na fili ba. Ya nuna cewa na farkon ana taimaka masa da zancen mai hikima da kuma gyaran tunanin da mutum ke yi wa kansa, na biyun kuwa yakan buƙaci a duba jiki ma. Likitocin yau ba su yi nisa da wannan rabo ba.

Salon da wannan darasi ya fi mai da hankali a kai ya samo asali ne daga wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Carl Rogers, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1987. Ya yi shekaru yana aiki da yara masu matsala da iyayensu a birnin Rochester. A nan ya lura cewa duk lokacin da ya zauna a matsayin masani ya zayyana wa mutum laifinsa da mafitarsa, abin bai cika ɗorewa ba. Amma idan ya yi shiru ya bi mutum a hankali, sai mutumin da kansa ya kai shi inda miki yake. Bahaushe ya riga shi faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1951 Rogers ya fitar da littafin da ya shimfiɗa wannan hanya, wadda ta ɗora mai neman taimako a gaba, mai taimakon yana biye.

Abubuwa uku Rogers ya ce sai mai wannan aiki ya zo da su. Na farko, ya yi ƙoƙarin ganin al'amarin ta inda mai shi yake ganinsa, ya kuma maimaita masa abin da ya fahimta domin a gyara masa in ya kauce. Na biyu, ya riƙe mutuncin wanda ke gabansa ko me ya faɗa. Wannan shi ne mai wuya, kuma a ganina shi ne ya fi muhimmanci a ƙasarmu. A ce wani magidanci ya faɗa cewa ranar da aka kawo hari ya tsallake katanga ya gudu, ya bar ƙanensa a baya, kuma tun ranar bai sake samun natsuwa ko a salla ba. Idan fuskar mai sauraro ta canza, ko ya yi salati irin na mamaki, magana ta ƙare ke nan, kuma wataƙila mutumin ba zai sake buɗe baki ba har abada. Riƙe mutunci ba ya nufin a ce duk abin da mutum ya aikata daidai ne. Yana nufin a bar shi ya sauke kayan tukuna, shi da kansa zai fi kowa sanin abin da yake son gyarawa. Na uku, mai taimakon ya zama na gaskiya, kada ya yi fuska biyu ko tausayin baka.

Zance mai inda ya dosa

Sauraro kaɗai yana sanyaya rai, amma manomin da ya biya kuɗin mota daga 'Yankuzo zuwa Gusau ba zai iya zuwa duk mako har shekara ba. Yana buƙatar a san abin da ake nema da lokacin da za a ce an samu. A nan ne rabi na biyu na wannan salo yake shigowa. A 1978 wasu ma'aurata, Steve de Shazer da Insoo Kim Berg, sun kafa wata cibiya a birnin Milwaukee na Amurka, inda suka gina hanyar da ba ta daɗewa wajen tonon baya. Tambayoyinsu sun fi karkata ga abin da mutum yake son gani a rayuwarsa, da lokutan da matsalar ke ɗan sassautawa, da abin da ya yi da kansa har ta sassauta.

Ga misali na yadda zancen yake gudana. A ce wata dattijuwa ce ta zo, an ɗauke ɗanta an sako shi, amma ita ta kasa dawowa daidai.

"Malama, ni dai so nake in koma yadda nake da."

"To Inna, a ce gobe kin tashi kin koma yadda kike da. Mene ne abu na farko da jikokinki za su gan ki kina yi, wanda yanzu ba kya yi?"

"Da sun gan ni bakin murhu ina suyar ƙosai. Rabona da kasko tun da aka ɗauke yaron nan."

"A cikin watan nan, akwai ranar da kika ji ɗan ƙarfin jiki, ko kaɗan ne?"

"Ranar sunan 'yar maƙwabciyata. Na taya su surfe, har na ci abinci."

"Me ya bambanta ranar da sauran ranaku?"

"Ina cikin mutane. Kuma hannuna yana aiki, ban samu zaman tunani ba."

"Idan muka ce ɗaya ita ce ranar da ta fi kowace muni, goma kuma kin warware sarai, yau kina nawa?"

"Uku, in ji ni."

"Me zai faru a makon nan da zai sa ki ce kin kai huɗu?"

Ku lura da kyau. Malamar ba ta ce mata ta koma suya ba, ba ta ce ta riƙa shiga mutane ba. Inna ce ta fito da duka biyun daga bakinta. Abin da za su tsayar a ƙarshen zaman ƙarami ne: ranar Laraba za ta jiƙa wake gwangwani biyu ta soya wa gida, ta kira maƙwabciyar ta taya ta. In an sake haɗuwa, daga nan za a tashi: an yi ko ba a yi ba, me ya taimaka, me ya hana. "Ina son in samu sauƙi" fata ne mai kyau, amma babu yadda za a auna shi. "Ina son in kwana uku a mako ban farka a firgice ba", ko "ina son in iya raka 'yata makaranta", waɗannan ana iya dubawa a ce an kai ko da saura. Kuma mai ciwon ne yake zaɓar abin da za a nema. Idan miji ko uwa ko mai taimakon ne ya zaɓa masa, aikin bai cika tafiya ba.

Ko sai babban likita?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutane sama da miliyan 200, kuma galibinsu suna manyan birane. Da sai su ne kaɗai za su iya, da wannan darasi ba shi da amfani ga mutumin karkara. Abin farin ciki, an gwada an ga cewa wanda ba likita ba ma yana iya yin wannan aiki in an horar da shi kuma ana bibiyar aikinsa.

A ƙasar Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya rasa wata mara lafiyarsa da ta kashe kanta a ƙauye, domin iyalinta ba su da kuɗin motar kawo ta asibiti a Harare. Wannan ya sa shi a wajajen 2006 ya fara horar da tsofaffin mata masu aikin lafiya na unguwa, suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci. Zama shida ake yi, ana zaɓar matsala ɗaya, a lissafa hanyoyin fita, mai matsalar ya ɗauki ɗaya ya gwada. Binciken da aka wallafa a 2016 a kan mutum 573 ya nuna cewa bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin 100 ne na waɗanda suka zauna a bencin suke da alamun tsananin damuwa, alhali a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kusan rabi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsari irin wannan mai suna PM+, wanda aka yi shi domin mutanen da bala'i ya shafa. Zama biyar ne, ɗaya a mako, kowanne kimanin awa ɗaya da rabi. Ana koya wa mutum numfashi a hankali domin kwantar da jiki, da warware matsala daki-daki, da komawa ayyukan da ya bari, da ƙarfafa alaƙa da mutanensa. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan, yankin da ya sha fama da rikici, da kuma a tsakanin matan Nairobi da aka ci zarafinsu, ya kuma yi amfani. A nan gida, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara kula da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowane mara lafiya da ɗan'uwansa a gefe, maimakon a kulle su. Kuma tun 1991 manufar lafiya ta ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko. Saboda haka wanda ya kai wannan koke ƙaramin asibitin garinsu bai yi ɓatan kai ba, haƙƙinsa ya nema.

Su wane ne masu aikin

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya ƙara ƙwarewa, shi ke da ikon rubuta magani da kwantar da mara lafiya. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti ba ya rubuta magani, aikinsa gwaji ne da zaman tattaunawa, kuma shi ne ya fi zurfin horo a abin da muke magana a kai. Akwai nas da ta ƙware a kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa, wadda a wurare da yawa ita ce za a fara samu. Akwai jami'in walwala na asibiti, mai duba matsalar kuɗi da ta iyali. Akwai kuma mashawarci, irin wanda ake samu a makarantu da wajen ƙungiyoyin agaji. A cikin kowane rukuni akwai mai iya sauraro da wanda bai iya ba, don haka muƙami kaɗai ba ya isa shaida.

Hanya daga gida

A fara da mafi kusa, wato asibitin garinku ko na mazaɓarku. Dalili biyu ne. Ƙarancin jini, hawan jini, ciwon suga da wasu cututtukan jiki suna iya kawo kasala da bugun zuciya da rashin barci, ya kamata a fara kawar da su. Sannan ma'aikacin wurin shi zai ba da takardar turawa zuwa gaba. Abin da ya fi hana mutane samun taimako a wannan mataki shi ne yadda suke gabatar da koke. Wanda ya ce kansa ke ciwo, maganin ciwon kai za a ba shi. A faɗi abin yadda yake: "Tun abin da ya same mu ba na barci, tunani ya yi mini yawa, na daina aikina. Akwai wanda aka horar a kan damuwa da zan iya zama da shi?"

In babu a nan, sai babban asibitin Tsafe, ko na ƙaramar hukumarku ga mutanen Bungudu. Daga nan sai Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke. A can a tambayi inda ake ganin masu matsalar ƙwaƙwalwa da damuwa, da ranar da ake gani. Gaba da Gusau akwai asibitocin da wannan ne aikinsu kacokan: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, da na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Sakkwato da Shika ta Zariya da na Malam Aminu Kano duk suna da sashen wannan fanni. Na san sunan Kware da Dawanau kaɗai yana sa wasu su ja da baya, domin an saba cewa sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa. Ba haka ba ne. Da yawa daga masu zuwa da ƙafarsu suke shiga, a gan su, su koma gida a ranar.

Ƙungiyoyin agaji ma hanya ce. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Zamfara tun lokacin gubar dalma ta 2010 a yankin Anka, daga baya ta yi aiki a wurare irin su Shinkafi da Zurmi. Irin waɗannan ƙungiyoyi sukan ɗauki mashawarta, kuma ba sa karɓar kuɗi. Sai dai ayyukansu na buɗewa suna rufewa, don haka a tambayi ma'aikatan lafiya ko shugabannin 'yan gudun hijira wace ce ke kusa a halin yanzu.

Hanyoyinmu ba na hawa da ka ba ne. Kafin a kama hanyar Tsafe zuwa Gusau, a sa ɗan'uwa da ke birni ya je ya tabbatar da rana da lokaci da kuɗin kati, kada a yi kasadar tafiya a tarar ba ranar gani ba ce. A zaman farko a faɗa wa mai taimakon gaskiyar nisa da tsadar mota, a roƙe shi ya tsara zaman bisa haka, ko a riƙa yin wasu ta waya. Zama ta waya yana aiki in aka samu wurin da babu mai ji. Amma mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, saboda haka a rubuta abin da aka tsayar a takarda, a kuma san ranar da za a koma ko da waya ta yanke.

Ga mata akwai ƙarin shinge: izinin maigida, da kunyar zama da baƙon namiji. Mace tana da damar ta ce mace take so ta gani, ko ta zo da 'yar'uwa ta zauna a bakin ƙofa. Ga mazan da ke ajin nan kuwa, matar da ta haihu ta koma kuka ba dalili, ta kasa barci, ba ta son ɗaukar jaririn, ba raki take yi ba, ba kuma kunyar ɗan fari ba ce. Ciwo ne sananne da ke biyo bayan haihuwa, kuma izinin da za ka ba ta ta ga ma'aikaciyar lafiya yana iya zama abin da zai ceci ita da ɗan.

Yadda za a auna wanda aka samu

Mai neman taimako yana da ikon yin tambaya, ba rashin kunya ba ne. Ina ka yi karatun wannan aiki? Abin da zan faɗa, wa zai ji? Zama nawa kake ganin za mu yi, kuma nawa zan biya? Na kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Game da sirri zai faɗa maka gaskiya: ba zai kai zancenka wajen miji ko mata ko mai unguwa ba, sai fa idan ran wani yana cikin haɗari, naka ko na wani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu aka bayyana a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai irin wannan ciwo haƙƙin a mutunta shi, a rufa masa asiri, a sa shi cikin shawarar yadda za a yi masa magani.

Bayan zama biyu ko uku, mutum ya tambayi kansa: wa ya fi yin magana, ni ko shi? Na fito na san abin da zan gwada kafin mu sake haɗuwa? Ya tuna abin da na faɗa wancan karon? Akwai kuma alamun da in an gani sai a canza wuri ba tare da jinkiri ba: wanda ke kawo labarin wasu marasa lafiya da sunansu, wanda ke yi wa addininka ko al'adarka ba'a, wanda ke alkawarin warkewa a zama ɗaya, wanda ke matsa wa mutum ya sake ba da labarin abin da aka yi masa a daji dalla-dalla tun bai shirya ba, da wanda ya fara neman wata alaƙa da ba ta aiki ba. Kuma jinin mutum biyu yana iya ƙin haɗuwa ba tare da laifin kowa ba. In haka ta faru, a nemi wani, kada a ce maganin ne ba ya yi.

Addu'a, ruƙiyya da gidan mari

Mafi yawanmu malami za mu fara nufa kafin asibiti, kuma babu mai aikin kirki da zai ce a bar addu'a. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu an san ta da shekarar baƙin ciki. Damuwa ba shaidar raunin imani ba ce. Ana iya yin azkar a kuma je zaman tattaunawa, kamar yadda ake addu'a a kuma kai mai karaya wajen ɗori. Malamin da ya san ya kamata shi da kansa zai ce a haɗa da asibiti.

Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri da sunan magani. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, kuma a watan da ya biyo baya aka ga irinsa a Daura. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugunta ce ta sa su ba, rasa inda za su nufa suka yi. Sarƙa ba ta warkar da firgici, ƙara shi take yi.

Lokacin da zance kaɗai bai isa ba

Idan mutum ya fara jin muryoyin da babu mai jin su, ko ya yi kwanaki bai runtsa ba yana surutu da ɓarnar kuɗi, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko ya daina ci da sha, wannan na likita ne da gaggawa, kuma akwai magungunan da ke aiki. Haka wanda taramol ko kodin ya riƙe. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina da kansa don ya ji sauƙi, sai da shawarar wanda ya rubuta.

Idan kuma mutum ya ce gara ya mutu, ko ya fara rabon kayansa yana neman gafara ba tare da ciwo ba, kada a ce wasa yake yi, kada kuma a rufe shi da wa'azin wuta. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, takan ba shi damar magana ne. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin feshin gona da fiya-fiya da shinkafar ɓera daga gidan, domin su ne mafi kusa da hannu a gidan manomi. A kai shi asibiti a ranar.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Ɗaya ya kawo wata 'yar ƙaramar damuwa, kamar bashin taki ko yaro mai ƙin makaranta, ba babban sirri ba, kuma ba tare da kama sunan kowa ba. Ɗayan ya saurara minti biyar: ba shawara, ba "yi haƙuri", ba kawo nasa labarin. Da an gama, ya maimaita abin da ya ji, mai maganar ya ce an fahimce shi ko a'a. Sai ku yi musanya.

Bayan haka kowa ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan jimloli ya mai da ita abin da za a iya dubawa bayan mako guda, ya rubuta a littafinsa: "Ina son hankalina ya kwanta." "Ina son mu zauna lafiya da maigida." "Ina son in daina tsoro."

Kafin darasi na gaba, ajin ya wakilta mutum biyu, namiji da mace, su je asibitin da ya fi kusa su tambayo abu uku: ko akwai wanda aka horar a kan matsalar damuwa, ina ake tura wanda abinsa ya yi tsanani, kuma wace rana ake gani a can. A rubuta amsar da manyan baƙaƙe a manna a bangon aji.